Bashin da Na Ɗauka a Gaban Gawar Ƙanena

Zuwa ga Mai girma Manajan bankin da ke riƙe da kuɗin marigayi ƙanena, a birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Haladu, manomin albasa ne ni daga wani ƙauye a bakin ruwan Tiga, ta ɓangaren Bebeji. Kai ba ka san ni ba, amma mai gadin ƙofarku ya san ni, har ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Sau uku ina rubuta maka takarda in miƙa a hannun sakatariyarka, ko ɗaya ba a amsa mini ba. Shi ya sa wannan karon na rubuta a fili, kowa ya karanta. Ban faɗi sunanka ba, ban faɗi na bankin ba, domin ba tozarci ne ya kawo ni ba. Ku kun san kanku.

Ga maganar a taƙaice. Kuɗin ƙanena, dala dubu tara da ɗoriya, sun shigo hannunku daga Saudiyya yau wata goma sha ɗaya, kun hana ni su. Fiye da rabinsu ba namu ba ne, na wani bawan Allah ne, kuma na sa gonata jingina a kan zan biya shi. Wa'adin zai cika ranar da aka ga watan azumi. Idan kuɗin ba su fito kafin nan ba, gonar ta tafi. Yanzu bari in warware maka ita dalla-dalla.

Na ɗaya, asalin kuɗin, tunda shi kuka fi son tambaya.

Ƙanena Rabi'u ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa tankar ruwa a wajen Jidda, yana kai wa masu kiwon tumaki da raƙuma ruwa can cikin sahara. A nan ya haɗu da Buba, wani Bafulatani mutumin Burumburum, wanda yake yi wa wani Balarabe kiwo. Ka san yadda mutum yake idan ya ji Hausar gida a inda bai zata ba. Buba a tanti yake kwana, takardunsa suna hannun uban gidansa, ba shi da damar buɗe asusu, kuma ba shi da inda zai ɓoye ko sisi. Don haka duk lokacin da aka biya shi albashi sai ya jira tankar Rabi'u, ya damƙa masa, shi kuma ya zuba a asusunsa na banki a can. Ajiya ce irin wadda muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, babu takarda, babu sa hannu. A shekara tara Buba ya tara riyal dubu ashirin da ɗaya a cikin asusun ƙanena. Na Rabi'u na kansa dubu goma sha uku ne. To ka ji asalinsu, gumin direba ne da na makiyayi.

Na biyu, yadda abin ya hau kaina.

Rabi'u ya zo hutu gida da damina, da niyyar ya yi wata biyu ya koma. Ciwon ciki ya kama shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya huɗu, ga tsohuwarmu da ranta.

Da aka shimfiɗa shi a ƙofar masallaci, kafin a tayar da salla, liman ya juyo kamar yadda aka saba ya ce, "Jama'a, wa ya ɗauki bashin marigayi?" Ni ne babba, duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Duk mai bin Rabi'u, ko nawa ne, ya neme ni, na ɗauka." Haka ake yi a wurinmu, ba a sallaci mutum da nauyin wani a wuyansa alhali yana da ɗan'uwa a tsaye. Wallahi abin da ke raina a lokacin bai wuce kuɗin buhun taki ko ɗan bashin mai shago ba. Ban tambayi nawa ba ne, ballantana in tambayi da kuɗin wace ƙasa. Wa yake tambayar haka a gaban gawa?

Bayan wata biyu sai ga wani dogon mutum siriri da sanda ya yi sallama. Buba ne, ya dawo gida gaba ɗaya saboda ciwon gwiwa, sai a tasha ya ji labarin rasuwar. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, ya ƙi cin abinci, ya miƙe zai tafi bai ambaci ajiyarsa ba. Hajara ce ta aiko daga cikin gida, tana cikin takaba, ta ce a tsayar da shi. Ta ce ko a wannan zuwan na ƙarshe sai da Rabi'u ya gaya mata, "Hajara, in na mutu ki sani, dubu ashirin da ɗaya a cikin kuɗin nan na Buba ne." Da ba ta yi magana ba, na tabbata mutumin nan da ya koma rugarsu bai buɗe baki ba.

Na tara liman da mai unguwa. Liman ya ce abin da aka karɓa da riyal, da riyal ake mayar da shi, ko kuma abin da ya kama na naira a ranar biya, ba a ranar ajiya ba. Na ce na yarda. Buba bai nemi jingina ba, ni na ɗora wa kaina, na ce gonata ta bakin ruwa ita ce shaidar maganata: in ci gaba da nomanta, idan wa'adi ya cika ban biya ba a sayar a ba shi haƙƙinsa. Na faɗa da ƙarfin zuciya, domin na san kuɗin suna nan a banki, kuma a zatona abin da ke banki ai kamar yana aljihu ne. Wannan kuskurena ne, ban ɗora shi a kan kowa ba.

Gonar nan kuwa, ranka ya daɗe, ba gona ce kawai ba. Ina ɗan shekara bakwai aka yi madatsar Tiga, ruwa ya cinye garinmu, aka kwashe mu a motoci da tukwanenmu da awakinmu. Abin da aka ba mahaifinmu a madadin duk abin da ya rasa ke nan. Yau baki goma sha bakwai take ciyarwa, har da marayun Rabi'u.

Na uku, yadda kuɗin suka iso gare ku.

Shekara ɗaya da rabi na yi ina fafutukar takardu. Kotun shari'a ta ba mu takardar magada, aka juya ta zuwa Larabci, aka buga mata hatimi a ofis uku, muka wakilta wani abokin Rabi'u a can ya tsaya mana. Bankin can, waɗanda ba su taɓa ganin fuskata ba, ba ma jin yaren juna, suka duba takardu suka ce sun gamsu. Suka ce in ba da asusun da za a turo. Na zo wurinku. Ma'aikacinku na teburin farko, mai fara'a, shi ya ce in buɗe asusun dala, ya ce da sun shigo zan karɓa a hannu kamar yadda aka turo su. Har ruwa mai sanyi aka ba ni ranar. Aka juya riyal ɗin zuwa dala aka turo, kuma takardar turowar tana hannuna. Tun daga ranar ba a sake ba ni ruwa ba.

Na huɗu, dalilan da kuka yi ta ba ni. Zan jero su yadda suka zo, ka duba da kanka ko akwai wanda na gaza.

Da farko kuka ce in kawo shaidar inda kuɗin suka fito. Na kawo takardar aikin Rabi'u, da ta mutuwarsa, da ta kotu, da ta bankin can. Kuka karɓa. Bayan sati uku aka ce wadda ta karɓa an yi mata canjin wurin aiki, ba a ga fayil ɗin ba, in sake kawowa. Na sake.

Sai kuka ce in kawo takardar biyan kuɗin wuta, don a tabbatar da inda nake zaune. Na gaya wa yaronku cewa ƙauyenmu ba a taɓa kafa turken lantarki ba, da fitilar caji muke gani. Ya dube ni ya ce haka tsarin yake. Na koma na karɓo takardar dagaci da ta ƙaramar hukuma. Aka ce za a duba ko za su wadatar. Wata biyu aka yi ana dubawa.

Daga nan aka ce magana ta koma hedikwata, sai sun sa hannu. Na ce a ba ni lambar wanda zan kira a hedikwatar, aka ce ba a bayarwa. Na ce a rubuta mini a takarda cewa hedikwata ake jira, aka ce ba a rubutawa. Na ƙarshe da aka gaya mini shi ne an sa hannu, amma babu tsabar dala a reshen, in riƙa leƙowa. A ranar da aka faɗa mini haka, ina zaune a kan bencinku, wani mai babbar riga ya shiga ofishin ciki ya fito, yaronsa yana biye da shi da ambulan. Ban ce na san abin da ke ciki ba. Abin da na sani shi ne bai yi minti goma ba, ni kuwa tun hantsi nake wurin.

Sau goma sha tara na zo, ina rubutawa a bayan littafin ƙungiyarmu ta manoman rani, don ni ne sakatare. Kowane zuwa sai na hau achaɓa zuwa bakin titi, in shiga bas zuwa birni, in bar ban-ruwa a hannun maƙwabci. Kuma duk wata sai saƙo ya shigo wayata cewa kun cire kuɗin kula da asusu. Kula da me? Kuɗin da kuka hana mai su taɓawa, ku kuna yankar naku a ciki ba ku taɓa makara ba ko sau ɗaya. Wannan ya ba ni haushi fiye da kuɗin mota, ba zan ɓoye maka ba.

Na biyar, tayin da aka yi mini.

A zuwana na goma sha huɗu wani ma'aikacinku ya ja ni gefe, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi mini alfarma, ya ce, "Baba, ka huta da wahalar nan. Ka sa hannu a juya maka su naira, yau ɗin nan ka tafi da kuɗinka." Na ce a wane farashi? Ya faɗa. Na fita na tambayi 'yan canji, na dawo na zauna na yi lissafi. Abin da zai zube a tsakani ya kai kuɗin saniya mai kyau. Na ce masa ba zan sa ba. Ya ce to ai ni na sani.

Ka ga abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Kuɗin da ake tuhumar asalinsu, waɗanda hedikwata ba ta gama bincike a kansu ba, ashe idan na yarda a juya su naira duk tuhumar ta ƙare a yini ɗaya. Ni ba masanin banki ba ne, firamare na gama, amma na yi shekara talatin ina ciniki da dillalan albasa, na san idan ana jan mutum don ya gaji ya sallama. Kuma ko da na so in sallama, ba nawa ba ne. Kason Buba ne da kason marayu da tumunin Hajara da sudusin tsohuwa. Da wane baki zan ce musu na zubar da saniya guda don ƙafata ta gaji?

Na shida, abin da jinkirinku yake ci.

Ranar da na yi alkawari a gaban liman, da za a juya riyal ɗin Buba naira, rabin gonata ya isa ya biya har a sami canji. Yau sai an sayar da ita duka, shi ma da ƙyar. Ban ci komai ba, ban ƙara karɓar ko sisi ba, bashin yana zaune yana girma don kawai an rubuta shi da kuɗin wata ƙasa. Dalar da ke hannunku tana tashi tare da shi, ita ce daidai da shi, da kun sake ta da magana ta ƙare. Gonata ce ba ta tashi haka, albasata ma ba ta yi. Da naira nake noma, da riyal ake bi na, maganin kuwa yana kulle a wurinku da dala.

Ban taɓa sanin zan zama mai bibiyar farashin canji ba. Yanzu idan aka zauna a majalisa ana maganar farashin taki, ni kunnena yana kan rediyo ina jiran a faɗi yadda dala ta kwana. Abokaina har tsokanata suke yi, wai Haladu ya zama ɗan canji ba jari. Ina dariya, amma abin ba ya yi mini daɗi.

Na bakwai, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sau biyu Buba yana ƙara mini wa'adi ba tare da na roƙa ba. Mutumin da ya yi shekara tara a cikin rana don ya dawo ya sayi shanunsa, yau shanun wasu yake bi ana biyansa, da wannan gwiwar tasa. Matarsa nonon da take kaiwa kasuwar Tudun Wada sarowa take yi a wurin maƙwabta. Ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo har gona ya same ni. Muka gaisa, ya tsuguna a kan kunya yana kallon 'ya'yan Rabi'u mata biyu suna ɗebo mini irin dashe. Sannan ya ce, "Malam Haladu, ni dai na yafe. Rabi'u bai ci amanata ba, kai ma ba ka ci ba. Kada a sayar da abincin yaran nan saboda ni."

Ranka ya daɗe, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na dubi takalminsa, na roba ne an ɗinke shi da zare a wuri biyu. Na ce masa, "Buba, Allah ya saka da alheri, amma ban karɓa ba. Ba don kana da shi ka yafe ba, don ka ji tausayi ne. Haƙƙinka zai zo hannunka cif, ko daga banki ko daga gonar nan." Ya yi ta roƙona, na ƙi. Muka rabu kowa idonsa ya kawo ruwa.

To ka gani. Makiyayin da ba shi da ko ɗan maraƙi ya iya sakin dubu ashirin da ɗaya don tausayin marayu. Ku da ba ku da ko sisi a ciki, ba yafiya aka nema a wurinku ba, ba rance ba, ba taimako ba, ku miƙa wa mutane abinsu kawai, wata goma sha ɗaya kun kasa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ban nemi abin da ya wuce haƙƙi ba.

Ku ba ni kuɗin nan da dala kamar yadda suka shigo, kafin ganin watan azumi. Idan da gaske babu tsaba a reshenku, ku tura ni reshen da yake da ita, ko a ina yake zan je, ko ku tura su asusun wani bankin da zan nuna muku.

Idan akwai wata takarda da ta rage, ku rubuta mini sunanta a kan takarda mai hatiminku, duka a lokaci ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya kamar ana ba kaza tsaba ba. Idan kuma akwai dokar da ta hana a ba ni, ku rubuta mini ita, in kai wa waɗanda suka san doka su karanta mini.

Ku mayar da kuɗin kula da asusu da kuka yi ta cira tun ranar da kuka hana ni taɓa kuɗin. Ba su da yawa a wurinku, amma na marayu ne.

Sannan ku riƙa gaya wa mutanen karkara gaskiya tun a teburin farko. Akwai irina da yawa daga nan har Doguwa, masu 'yan'uwa a waje, waɗanda aka ce su buɗe asusun dala ba a gaya musu cewa shiga ta fi fita sauƙi ba. Su kuma 'yan'uwana da za su karanta wannan, ban ce kowa ya fasa ɗaukar bashin mamacinsa ba, ni ma da za a sake, zan sake ɗauka. Amma mai ɗan'uwa a ƙasar waje ya zaunar da shi tun yana raye, ya tambaye shi me ya ajiye, a ina, da kuɗin wace ƙasa, kuma na wa ne a ciki.

Ina sanar da kai cewa na kai kwafin wannan wasiƙa da duk takarduna ga hukumar da ke sa ido a kan bankuna, kuma daga Litinin mai zuwa kowace Litinin za ka same ni a kan bencin nan da ke kallon ƙofar ofishinka. Ba zan yi hayaniya ba, ba zan zagi kowa ba. Zan zo da butata da tabarmar sallata, in zauna har a tashi.

Shekaranjiya wani mai kuɗi daga Kiru ya zo da dillali suka zaga gonar, suka auna ta da taku, ya taya, mun kusa daidaitawa. Da zai shiga mota ya ga kwandunan iri a bakin rijiya, ya ce in daina wahalar da kaina da dashe, tunda azumi zai kama albasar ba ta nuna ba, kuma shi da abin da ke cikin gonar zai saya. Na ce na ji. Jiya da ni da Hajara da yaran muka gama dashen, kunya arba'in da biyu, muka ba ta ruwan farko. Ban san wanda zai cire ta ba. Amsar tana kan teburinka.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka, ya tsare ka daga cin haƙƙin wanda ba shi da mai tsaya masa, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya jiƙan Rabi'u da dukkan musulmi.

Wassalam.

Naka,
Haladu mai albasa,
daga bakin ruwan Tiga.